Yarinyar da Ta Faɗi a Gaban Malama Fadima

Malama Fadima Basiru 'yar wani ƙauye ce a gefen Makoda, irin ƙauyukan nan da gonar wani ke manne da ta wani, ba ka gane iyaka sai da layin gamba ko lalle. Mahaifinta manomin gero da gyaɗa ne, ita ce ta huɗu cikin 'ya'yansa tara. Takan ce ba ta fi 'yan'uwanta ƙwaƙwalwa ba, naci kawai ta fi su. Da nacin ta gama sakandare, ta samu takardar shaidar malanta, aka ɗauke ta aiki a firamaren da nake koyarwa. Shekara goma sha huɗu ke nan ƙofar ajinta na kallon tawa. Abin da zan faɗa a nan, wani na gani da idona, wani daga bakinta na ji.

Mijinta, Kassimu, gyaran injin ban-ruwa yake yi. 'Ya'yansu biyar. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, ba ta da yawan dariya, amma yara na son ta. In yaro ya zo makaranta ya yi shiru, ita ke fara lura. Da an tashi tara za ka ga ta ja shi gindin darbejiya suna magana ƙasa-ƙasa, ta dawo ba ta gaya wa kowa abin da ya ce ba. Da ta ji wata jami'a a Kano na karatun ƙarshen mako a fannin ba ɗalibai shawara, sai ta nemi shiga. Shekara huɗu tana hawa bas ran Juma'a bayan an tashi, ta kwana gidan gwaggonta a Rijiyar Zaki, ta yi lakca Asabar da Lahadi, ta dawo da yamma ta ɗora tuwo. Da mutanen garinsu suka ji ana cewa karatun kansila take yi, wato sunan mai ba da shawara a Turance, sun ɗauka siyasa za ta shiga, har wata tsohuwa ta roƙe ta kada ta manta da maganar rijiyarsu.

A shekarar ƙarshe sashensu ya fito da wani tsari. Malamar da ke kula da su, Dakta Hussaina, ta tara su ta ce wannan karon ba zama za su yi a bayan aji suna kallo ba.

"Za ku koyi aikin ne ta hanyar yi wa mutane hidima," in ji ta. "Kowa zai je makarantar da ba ta da mai ba da shawara, ya yi mako goma sha biyu. Ku nemo abu ɗaya da ke damun yaran, ku yi aiki a kansa tare da malamai da iyaye. Kullum ku rubuta abin da kuka yi da abin da kuka ji a ranku. Kada wanda ya yi mini ƙarya a littafin nan, ina ganewa."

Ofishin ilimi ya ba Fadima izinin mako goma sha biyu cif, aka haɗa mini ajinta da nawa. An tura ta ƙaramar sakandaren 'yan mata ta Ɗinyar Sambo, tafiyar minti arba'in a babur. Azuzuwa uku ne da ofis ɗaya. Shugaban makarantar, Malam Kamaruddeen, ya karɓe ta hannu biyu, ya ba ta siton da ake tara karyayyun bencina. Ta share, ta shimfiɗa tabarma, ta tokare wani tebur mai ƙafa uku da bulo. Niyyarta ta yi aiki a kan makara, don ta ga rabin yaran sai sun gama tallan koko suke zuwa. Ta tsara tambayoyi, ta je Makoda aka buga mata su.

Ran Talatar mako na uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, cikin zafin bazara, tana aji uku tana raba takardun. Tun farkon zuwanta ta lura da wata doguwar yarinya siririya da ke zama ita kaɗai a bencin baya, alhali sauran sun cushe biyar-biyar. Ta ɗauka faɗa suka yi, ta ce za ta bincika, ba ta kai ga yi ba. Tahira sunanta, shekararta goma sha huɗu. Fadima na miƙa mata takarda sai yarinyar ta yi wata irin ƙara, jikinta ya sanƙare, ta faɗi ta gefe tsakanin bencina.

Ajin ya watse, wasu ta ƙofa wasu ta taga, ana cewa kada yawunta ya taɓa kowa. Fadima ta ce mini ba ta san lokacin da ta fita ba, sai dai ta tsinci kanta a baranda, rungume da takardu. Ta san sunan ciwon, farfaɗiya ce. A shekararta ta biyu an koya musu cewa ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta numfashi. An koya musu a tallafe kan mutum, a juya shi gefe, kada a sa masa komai a baki. Tambayar ta fito a jarrabawa, ta kuma ci. Amma ƙafafunta abin da kakarta ta gaya mata tun tana ƙarama suka bi. Tana tsaye tana kallo ta ƙofa, jikin yarinyar na fizga, goshinta na bugun ƙafar benci, ya sake bugu, ya sake.

Bai fi minti biyu ba abin ya lafa. Tahira ta jima kwance, sannan ta tashi zaune tana dube-dube kamar ba ta san wurin ba. Jini na bin girarta, rigarta ta jiƙe. Ta goge baki da hijabi. Ta miƙe tana tangaɗi, ta wuce Fadima ba ta dube ta ba, ta ɗebo yashi hannu biyu a tsakar makaranta, ta koma ta zuba a inda ta faɗi, ta murje da takalmi. Ta san ba wanda zai koma ajin sai ta yi haka. Daga nan ta ɗauki jakarta ta tafi gida ita kaɗai.

Ranar Fadima ta rubuta layi uku a littafinta, ta yage, ta sake rubutawa. Ran Asabar ta kai wa Dakta Hussaina, ta tsaya kanta a ƙasa. Dakta ta karanta sau biyu.

"Kin gudu," ta ce. "To, ya wuce. Ran Litinin me za ki yi?"

"Ban sani ba, Dakta. Ina ganin ban cancanci aikin nan ba."

"Ba ke za ki yanke wannan ba. Ki ajiye maganar makara, ga aikinki nan ya same ki. Amma ki tuna ke ba likita ba ce. Ki haɗa su da asibiti, ki nemi yardar iyaye a kan komai. Kuma mako tara ya rage miki, kada ki yi alkawarin da ya wuce haka."

Tahira ba ta koma makaranta a makon ba, ran Litinin ma bencinta ba kowa. Fadima ta sami Malam Kamaruddeen a ofis.

"Ni na ce wa ubanta ya riƙe ta a gida sai ta warke," in ji shi. "Wannan ne karo na uku a bana. Iyaye sun zo mini har nan. Yara goma sha ɗaya aka hana zuwa."

"Malam, jarrabawar fita aji uku saura wata biyu da rabi, an kuma yi mata rajista. Ciwon nan ba a ɗaukar sa."

"Na sani, Malama, ni ma na yi karatu. Amma gida-gida na bi kafin aka ba ni yaran nan. In na tsaya a kan ɗaya na rasa goma sha ɗaya, wa zan ce na yi wa adalci?"

Ta yi masa sallama ta fita. Da aka tashi ta nemi kwatance ta je gidan. Gidan ƙasa ne a ƙarshen gari, da rumbu biyu a tsakar gida. Mahaifiyar, Asiya, ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Tahira na zaune a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗar iri, goshi a kumbure. Kusa da ita akwai moɗa da aka ɗaura wa jan ƙyalle don kada ƙannenta su yi kuskuren sha da ita. Daga gwiwar hannunta zuwa wuyan hannu tabon ƙuna ne. Asiya ta ce bara ta faɗa murhu.

Ba a jima ba maigidan, Malam Mati, ya dawo daga sharar gona. Mutum ne mai sanyin magana. Bayan gaisuwa ya zauna nesa kaɗan ya ba ta labari.

"Tana shekara tara zazzaɓi mai zafi ya kama ta, kwana huɗu ba ta san inda take ba. Ta tashi, muka gode Allah. Wata uku bayan nan abin ya fara. Rubutu mun ba ta, hayaƙi mun yi, har gaba da Ɗambatta na kai ta wurin wani mai magani. Kowa ya ce mini kwana arba'in. Malama, na ga kwana arba'in ya fi sau goma."

Fadima ta juya wurin yarinyar. "Tahira, ranar nan na gudu na bar ki. Ban kyauta ba. Ki yafe mini."

"Ba komai, Malama," ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Kowa ma gudu yake yi."

"Kina son komawa?"

Yarinyar ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Lissafi nake tsoron a wuce ni."

Fadima ta miƙa hannu ta ɗauki moɗa mai jan ƙyallen, ta juye ruwan da aka kawo mata a ciki, ta sha a gabansu. Asiya ta dafe ƙirji. Fadima ba ta ɓoye mini ba, ta ce a hanyar komawa sai da ta sa ɗan acaba ya tsaya ta kurkure baki a bayan wata bishiya. Wannan ma ta rubuta a littafin.

Sau uku ta koma gidan kafin Malam Mati ya yarda da maganar asibiti. Ba gardama yake yi ba, gajiya ce. Kowane sabon magani na zuwa da sabon sa rai, shi kuma sa ran ne ya ishe shi. A zuwa na uku ya ce, "Ni ba zan iya barin gona ba. In uwarta za ta je, ku je."

Su uku suka kama hanya da sassafe. A wani babban asibiti a Kano suka bi layi har bayan azahar. Likita ya yi tambayoyi, ya rubuta ƙwayoyi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ya ce da yardar Allah faɗuwar za ta ragu ƙwarai, ko ma ta tsaya. Amma ya nanata musu kada a tsallake ko rana ɗaya, kada a daina don an ga sauƙi, kuma a dawo kafin su ƙare.

A hanyar dawowa cikin bas, yunwa da gajiya da zafi suka haɗu, ciwon ya tashi. Fasinjoji suka yi ta ture juna. Wannan karon Fadima ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ta juya ta gefe, kumfa na zuba a zanenta, tana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa. Ba wanda ya saurare ta. Direba ya taka birki, ya ce mutanensa ba za su ci gaba da tafiya da mai wannan lalura ba. Ta roƙe shi, ta nuna masa takardar asibiti, ta haɗa shi da Allah. Ya sauke su a bakin titi, nesa da kowane gari, ya ja motarsa. Suka zauna a inuwar wani gawo, Tahira na barci a kafaɗar uwarta, Asiya na hawaye ba sauti. Motoci biyu suka tsaya, suka ga halin da ake ciki, suka wuce. Sai da Fadima ta kira Kassimu ya bar aikinsa ya zo da babur, ya yi sawu biyu.

Maganin ya karɓi yarinyar. Mako ɗaya, biyu, uku, ba faɗuwa, sai yawan barci da rana. Fadima ta samu ƙarfin gwiwa. Ta shiga kowane aji da tabarma da filo tana nuna wa yaran abin da ake yi in mutum ya faɗi. Suka yi ta dariya, amma sun iya. Sannan ta shirya taron iyaye a mako na tara. Gida ashirin da bakwai ta taka da ƙafarta bayan tashi daga makaranta. Ta shawo kan liman ya yi sanarwa, ta roƙi ma'aikacin ɗakin shan magani ya zo ya yi bayani, Kassimu ya aro mata kujeru. Ran taron da asuba ruwan shuka ya sauka, wanda aka daɗe ana roƙo. Kafin rana ta fito gari ya koma gona. Cikin iyaye sama da sittin, tara suka zo, da laka a ƙafafunsu, hankalinsu na can.

Ma'aikacin lafiya ya yi bayaninsa. Fadima ta yi nata. Ta gaya musu ta sha ruwa da moɗar yarinyar, kumfar bakinta ta zuba a jikinta, ga ta nan lafiya lau. Suka saurara cikin ladabi. Sai wani dattijo mai jikoki biyu a ajin ya gyara murya.

"Malama, mun ji, Allah Ya saka da alheri. Mako nawa ya rage miki a garin nan?"

"Uku, Baba."

"To, kin gani. In maganarki daidai ce, alhamdulillahi. In kuma ba daidai ba ce, ke kina can garinku, mu ne da yaran a ɗaki."

Fadima ta ce ta laluba duk abin da ta karanta a shekara huɗu ba ta samu abin da za ta ce masa ba, don a kan maganar tafiyarta bai faɗi ƙarya ba.

Abin da aka iya cimma shi ne Tahira ta riƙa zuwa makaranta amma kada ta shiga aji, ta zauna a sito wurin Fadima. Haka suka yi mako uku. Fadima ta aro littattafan 'yan ajin ana kwafa, malamin lissafi ya leƙo ya tsaya a bakin ƙofa ya yi bayani ya tafi. Yarinyar na da kai. Cikin kwana goma ta cimma abin da ya wuce ta, ta fara cin tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Wata rana teburin ya zame daga kan bulo, tawada ta zube wa Fadima a hijabi, Tahira ta yi dariya har da riƙe ciki. Fadima ta ce ranar ta fara ganin haƙoranta.

Matsalar ita ce jarrabawa sai mako biyu bayan ƙarewar wa'adinta za a fara. Ta rubuta wa ofishin ilimi takardar neman ƙarin mako uku. Sau uku tana zuwa tana zama a bencin baranda. A zuwa na ukun jami'in ya kira ta ciki.

"Malama, ajinki na firamare wata uku ba malami. Yara ɗari da talatin a hannun mace ɗaya. Su ba 'ya'yan mutane ba ne?"

Macen nan ɗaya ni ce. Ba zan ɓoye ba, na gaji a lokacin, har na taɓa yi wa hedimasta ƙorafi, kuma ƙorafin ya kai ofis. Har yau ina jin nauyin wannan.

Dakta Hussaina ta zo duba aikin a mako na goma sha ɗaya. Ta zauna a tabarma ta yi hira da Tahira, ta duba littafi. Da ta fito za ta shiga mota Fadima ta bi ta.

"Dakta, don Allah a turo wani ya gaje ni, ko na wata ɗaya ne."

"Rukuni na gaba sai baɗi, Fadima, kuma kowa kusa da gidansa ake tura shi. Ki damƙa aikin a hannun wata malama a nan. Haka tsarin yake."

Malamai mata biyu ne a makarantar. Ɗaya na da tsohon ciki, ta ce mijinta ya hana ta kusantar yarinyar. Ɗayar ta ce za ta yi tunani. Malam Kamaruddeen ne ya ce zai bar Tahira ta rubuta jarrabawa a sito, shi da kansa zai zauna da ita, kuma da gaske yake.

Ranar ƙarshe Fadima ta kai wa Asiya kwali da ta zana wa rana da wata, layi-layi, don ta riƙa sa alama duk lokacin da aka sha magani. Ta nuna mata ranar komawa asibiti. Tahira ta raka ta zaure ta tambaye ta ko za ta zo ranar jarrabawa. Fadima ta ce za ta yi ƙoƙari.

Ta dawo ajinta. Ruwa ya yi ƙarfi a makonnin nan, rafin da ke tsakanin Ɗinyar Sambo da titi ya cika, babur ba ya haye shi sai an yi kwana biyu ba ruwa. Ga noma ya kankama. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Fadima ta kira wayar Malam Mati, ya miƙa wa matarsa.

"Asiya, maganin fa?"

"Akwai saura, Malama."

Babu saura. Kwana huɗu ke nan da ƙarewarsa. Asiya na jin kunyar sake ɗora wa Fadima wahala, tana kuma tsoron sake shiga bas da 'yarta, ga yarinya kamar ta warke. Ta ce a ranta bayan jarrabawa sai su je.

Ranar farko Tahira ta rubuta takardu biyu, lafiya lau. Fadima ba ta samu zuwa ba, mu ma jarrabawa muke yi. Rana ta biyu da safe yarinyar ta fito ita kaɗai. Hanyar makaranta ta bi ta gefen kududdufin da ake haƙar ƙasar gini, ya cika ya malalo kan hanya, ruwan bai wuce ƙauri ba. A nan ciwon ya tashi, ta faɗi rub da ciki, fuskarta a ruwa. Mata biyu masu zuwa gona suka gan ta. Suka yi ta salati suna kiran mutane, amma ba wadda ta taɓa ta. Ɗaya ta ruga gonar Malam Mati. Shi ya zo ya tsamo 'yarsa.

Ina tsaye a ƙofar ajina lokacin da aka kira Fadima. Na ga ta saurara, ta sauke wayar, ta zauna a ƙasa a gaban yara, alli na hannunta. Na tambaye ta lafiya. Ta miƙe ta fita, jakarta na kan tebur, ta nufi inda Kassimu ke aiki.

Kwana tara Tahira ta yi a asibiti, ruwa ya shiga huhunta. Fadima ta yi ta zirga-zirga, ta koyar da safe, ta hau mota da rana. A rana ta uku Asiya ta kama hannunta a baranda.

"Ni na yi miki ƙarya, Malama. Ni na jawo."

"Ni ce ban zo na duba da idona ba," in ji Fadima. "Na san ya kamata ya ƙare a makon. Na ji abin da nake son ji na kashe waya."

Yarinyar ta rayu, amma ba yadda take a da ba. Maganarta ta yi nauyi, sai ta tsaya ta nemo kalma. Lissafin da take yi da ka yanzu sai da yatsu. Likita ya ce wani abu zai dawo a hankali, wani kuma Allah ne masani. Jarrabawa ta wuce ba ita.

Da sakamakon jami'a ya fito, Fadima ce ta fi kowa maki a rukuninsu. Ba ta gaya wa kowa ba, a wurin Kassimu na ji. Dakta Hussaina ta roƙe ta ta zo ta yi wa sababbin ɗalibai bayanin aikinta. Ta ƙi sau biyu, a na uku ta je. Ta ce musu abu mafi wuya ba shiga gari ba ne, fita ne, kuma duk wanda zai fara abu a kan ɗan mutane ya fara sanin wa zai bar wa. Ta rubuta wa sashen takarda tana neman a riƙa tura ɗalibai makaranta ɗaya bi da bi, kada wani ya tashi sai wani ya sauka. An ce ana dubawa.

Yau tana nan tana koyar da aji huɗu na firamare, ba a ba ta kujerar mai ba da shawara a ko'ina ba. Duk wata tana zuwa Kano karɓo magani, duk Alhamis Kassimu na kai ta Ɗinyar Sambo ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu ta duba. Gidaje uku daga wasu ƙauyuka sun aiko mata a asirce, su ma suna da mai irin ciwon a ɗaki. Ta rame, kuma ta rage magana.

Alhamis ɗin da ta wuce ta tarar da Malam Mati a ƙofar gida yana ɗaurin damin gero. Ta gaishe shi, ta tsuguna.

"Malam, an buɗe rajistar jarrabawa mai zuwa. Malam Kamaruddeen ya ce zai karɓe ta."

Ya ja igiya ya ɗaure, ya ture damin gefe.

"Malama, ba ke kika tsamo ta daga ruwan nan ba, ni ne. Da na ɗaga ta na ɗauka gawa ce a hannuna. Ban hana ki zuwa ba. Ki zo duk ranar da kika so, ki koya mata a nan inda nake ganin ta. Amma ba za ta sake bin hanyar nan ba."

"In ni zan riƙa zuwa ina raka ta fa?"

"Kina da naki 'ya'yan, kina da naki ajin. Kada mu yi wa juna ƙarya."

Tahira na bayan zana tana ji. Da Fadima ta shiga sallamar Asiya, yarinyar ta matso kusa, ta ɗauki lokaci kafin maganar ta fito.

"Malama, Baba ya ce a'a?"

"Bai yarda ba tukuna."

Kwana goma sha ɗaya ya rage a rufe rajista. Liman ya ce ba zai sa baki a maganar uba da 'yarsa ba. Asiya ta raɗa wa Fadima cewa mutum ɗaya ne Malam Mati ba ya ƙetare maganarsa, wato wansa da ke sayar da albasa a kasuwar Bagwai. Fadima ba ta taɓa ganin sa ba, ba ta san ko zai saurare ta ba, ba ta ma tabbata ko abin da take nema shi ne alheri ga yarinyar ba. Jiya ta ce mini duk da haka za ta je, sunansa kawai ta sani, za ta tambaya a layin 'yan albasa.